Mamana, Na San Ciwon Nan

Funtuwa, daren Lahadi.

Mamana,

Ina fatan kun wuni lafiya, ke da maigidanki da ɗan jaririn nan da har yau ban gaji da kallon hotonsa a wayar ƙanenki ba. Ki gaishe mini da surukarki da kyau da kyau.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda da rubutun hannuna. Tun da aka haife ki ban taɓa kama sunanki ba, ga sunan mahaifiyata da kika ci, ga kunyar 'yar fari. Hirarmu da ke ba ta cika wuce "an tashi lafiya" da "Allah Ya yi miki albarka" ba. Yau na tuɓe wannan kunyar na ajiye ta a bakin ƙofa kamar takalmi, domin akwai maganar da in na yi shiru a kanta, Allah zai tambaye ni. Bakina ba zai iya faɗar ta ba, ko a waya, shi ya sa na ɗauko biro.

Innarki ta dawo daga wurinki shekaranjiya. Ba ta ce uffan ba sai da aka yi isha'i yara suka kwanta. Ta ce ta tarar kin rame, kitson da aka yi miki tun na arba'in shi ne a kanki, tuwo sai ki tsakura ki ture. Yaro na kuka, kina kallon bango. Ta farka tsakar dare ta gan ki zaune a bakin gado, ta tambaye ki ina ke miki ciwo, kika ce babu, sai hawaye. Ta ce mijinki bai rage ki da komai ba, babu faɗa babu cuta, an kai ki kemis an yi miki allurar zazzaɓi har sau biyu, an karɓo rubutu kin sha. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne da kika ce da wata ce ta haifi yaron nan da ya fi dacewa da uwa. Da ta kai nan sai ta dube ni ta ce, "Malam, irin naka ne."

Ba ki san ina da wani "irin nawa" ba. Kin tuna shekarar da muka taso daga gida muka dawo Funtuwa, aka ce muku ina fama da taifot da gyambon ciki? Ba su ba ne. Ni na roƙi Innarki ta faɗa muku haka.

Abin da ya bi ta kanmu a ƙasar Faskari ke ma shaida ce, ba sai na tisa miki shi duka ba. Kina da wayonki ranar 9 ga Yunin 2020 da aka shiga Kadisau aka kashe mutane gommai, muka je ta'aziyya muka rasa gidan da za mu fara shiga. A watan Disamba na shekarar, ranar 11 ga wata da dare, aka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Cinikin masara ya kai ni garin a kwanakin, na ga iyaye zaune a ƙasa cikin hunturu, wasu da bargo wasu babu, kowa idonsa a kan hanya. Bayan kwana shida aka sako yara 344. Duniya ta yi murna, mu ma muka yi, amma na sha kwana ina tunanin yadda yaran nan ke barci bayan an daina ɗaukar hotonsu. Da damina ta zagayo aka ɗauke baffanki daga gona. Shanun huɗa biyu, masarar rumbu da babur, duk suka tafi kafin ya dawo mana da ƙafafu a kumbure. A watan Satumba na 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da tamu da Ƙanƙara da Sabuwa da Funtuwa, aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu. An yi ne don a matse ɓarayin daji, amma mai sana'ar hatsi irina shi ma ya matsu. Muka ɗaure kaya.

A duk wannan ban faɗi ba. Ni ne mai kai kuɗi daji, ni ne mai ba mata haƙuri, ni ne mai neman motar kaya. Sai da muka zauna a ɗaki biyun nan na haya, babu ƙarar bindiga, babu gudun dare, sannan abin ya same ni. Ina so ki riƙe wannan, don na san kina tambayar kanki me ya sa yanzu, bayan kin sauka lafiya, ga ɗa ga miji, ga ana ta zancen sulhu. Haka yake yi wa mutane da yawa. Jiki na daurewa lokacin gudu, sai an tsaya yake kawo lissafinsa.

Bari in gaya miki yadda nawa ya kasance, ki gwada da naki. Ƙarfe uku na dare idona zai buɗe tar, ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa. Abinci ya koma kamar dusa a bakina. Rediyon da ban taɓa barin labaran safe su wuce ni ba, na bar ta ƙura ta rufe. In aka ba ni kuɗi in ƙirga sai in ɓace a tsakiya in sake. In buɗe Alƙur'ani in kai ƙarshen shafi ban san abin da na karanta ba. Kaina zafi, wani lokaci kamar kiyashi na yawo a ƙarƙashin fata. Na daina zuwa majalisa, in na hango wanda na sani sai in canza lungu. Sannan ga wata murya a zuci, ba ta aljani ba, tawa ce, tana ce mini ni na tura baffanki gona, ni na kasa riƙe gidan ubana, ku duka da babu ni da kun fi hutawa. Wannan muryar ita ce ta ce miki da wata ce ta haifi yaron. Na gane ta tun kafin Innarki ta rufe baki. Ƙarya take yi, Mamana. Ciwon ne ke magana da bakinmu.

Wata bakwai na yi ina buga ƙofofin da ba su ba. Duk gwajin da aka yi sai a ce an ga taifot, a ɗaura ruwa, a rubuta allurai. Wani yaro mai kemis ya tausaya mini ya ba ni ƙwayar barci, baliyam. Na yi barci kwana biyu, na tashi da nauyin da ya fi na da, kafin wata guda ɗaya ba ta isata sai biyu. Da Allah bai sa Innarki ta ɓoye ta ba, da na ƙara wa kaina wani ciwon a kan ciwo, irin wanda ya cinye samarinmu da tiramol da kodin. Aka kai ni wurin wani da ya ce sammu ne, abokan kasuwa suka yi mini, sai an yanka baƙin rago an binne wani abu. Aka yanka. Awakin Innarki uku da 'yan kunnenta na aure a nan suka tafi. Daga baya na zauna na lissafa, abin da muka kashe a watannin nan bakwai ya fi abin da maganin gaskiya ya ci mini a shekara da rabi, har da kuɗin mota.

Wanda ya gano ni wani dattijo ne, tsohon malamin asibiti, shi ma gudun hijira ya kawo shi daga wajen ku. Sahu ɗaya muke sallah. Ran nan bayan la'asar ya riƙe hannuna bai saki ba, ya zaunar da ni a dakali. Bai taɓa goshina ba, bai ce in kawo fitsari ba. Tambaya kawai ya yi ta yi. Mako nawa ke nan? Akwai abin da ke faranta maka rai yanzu? Yaya barci, yaya ci? Kana ganin laifin kanka? A ƙarshe ya sassauta murya ya ce, "Ka taɓa jin gara mutuwa?" Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na yi kuka a gaban namiji ɗan'uwana, abin da ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina. Ya ce, "Malam, ciwon damuwa ne. In baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka wuce mako biyu suna hana mutum harkarsa, ya tashi daga halin rayuwa ya zama cuta. Tana da magani kamar hawan jini." Na ce hauka yake nufi ke nan. Ya ce a'a, mai wannan ciwon yana cikin hankalinsa sarai, hankalin ne ma ke ba shi wuya.

Ya rubuta mini takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, kusa da Zariya. Na ajiye ta a aljihun babbar riga har mako uku. Kin san me ya hana ni? Ke. Lokacin an fara zuwa tambayar aurenki, na ce in aka gan ni a layin likitan ƙwaƙwalwa, wa zai auri 'yar mahaukaci? An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yarda, amma wannan sirrin da na haɗiye ya kusa kashe ni, kuma ga shi yau ya sa kin yi wata uku kina fama ba ki san mahaifinki ya bi hanyar ba. Wannan laifina ne, ki yafe mini.

Ranar da muka tafi, na ce wa maƙwabta ido za a duba mini. A layin na tarar da mutane irin waɗanda kike gani a kasuwa: wani malamin makaranta da jakarsa, wata mai goyo, wani ɗalibi da mahaifinsa, wata tsohuwa da carbi. Likitan yaro ne, bai fi sa'an ƙanina na uku ba, amma ya saurare ni kusan awa guda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na faɗa masa komai, har baliyam, har ragon. Ya tambaye ni ko na taɓa yin kwanaki ina jin ƙarfi fiye da kima, ba barci, ga surutu ga ɓarnar kuɗi. Na ce a'a. Ya ce dole ya tambaya, don wannan wani ciwon ne daban, in aka ba mai shi maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar masa da shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki dalilin da ba a sayen maganin nan a kemis da ka. Ya sa aka auna jinina da bugun zuciyata, sannan ya rubuta mini amitiriftilin, tsohon magani ne mai araha, ƙwaya ƙarama da dare.

Ya kira Innarki ciki ya yi mana bayani tare. Ya ce ba kamar maganin ciwon kai ba ne, sai ya yi mako biyu zuwa huɗu, wani ma shida, kafin a ji bambanci, kuma kafin amfaninsa ya zo wahalarsa ke fara zuwa: bushewar baki, magagin barci, taurin ciki. Ya ce in na ji sauƙi kada in daina, sai an ƙara watanni masu yawa, kuma ranar dainawa shi zai rage shi sannu a hankali. Ya damƙa mata maganin ya ce ita za ta riƙe, domin yawansa guba ne, kada ya kwana kusa da mai ciwo ko inda yara za su kai. A cikin kwallarta ta kulle shi. Kullum bayan isha'i ta miƙo mini ɗaya da ruwa a moɗa, ta tsaya sai na haɗiye. Barci ne ya fara dawowa. Cikin mako na biyar, wata safiya na ji ƙamshin ƙosan maƙwabta na ji ina so. Na aiki ƙanenki ya sayo na naira ɗari. Innarki ta juya baya tana share ido da bakin mayafi.

Yanzu zancen kuɗi, don na san shi ne ke cin ki. Innarki ta ce kin ce kada a ɗora wa mijinki nauyi, bana gonarsa ta nesa ba ta nomu ba.

A wurin yankar kati an tambaye ni ko ina da inshora. Ban da ita, kamar yadda kusan duk wanda ke layin ba shi da ita. Tsarin inshorar lafiya na ƙasa ya fara aiki tun 2005, amma ma'aikatan gwamnati ya fi rufewa. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta wajabta ta a kan kowa, har da asusu na musamman don marasa ƙarfi, ita ma Jihar Katsina tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya. Duk da haka masu inshora a Nijeriya ba su kai mutum ɗaya cikin goma ba, kuma cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya, fiye da 70 daga aljihun majiyyaci da danginsa take fita. Mu mutanen karkara dama inshorarmu ƙafa huɗu gare ta. Saniya ce, akuya ce, sai rumbu, sai adashi, sai ɗan'uwa. In ciwo ya zo a ja tunkiya zuwa kasuwa. Abin da ɓarayin nan suka yi mana ke nan da ba a cika faɗa ba: sun kore inshorar gari guda a dare ɗaya, taka da ta wanda za ka je wurinsa rance, sannan suka bar mana ciwon da ke bukatar ta.

Amma ga abin da na gano da kaina. Maganin ba shi ne mai tsada ba. Na wata guda bai kai kuɗin motata zuwa Zariya da dawowa ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne hanya, da gwaje-gwajen ranar farko, da yinin da mutum zai rasa shi da mai rakiyarsa. A nan na yi tuntuɓe. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, ranar komawata ta zo babu tsabar da zan ba direba. Na ce ai na warke, na bari. Kafin azumi ya raba tsakiya ƙarfe ukun dare ta dawo, dutsen niƙa ya dawo. Ina cikin wannan aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota ya yi tsalle, na magani ma ya bi shi. Da na koma na cire kunya na ce wa likita, "Ranka ya daɗe, ba ni da halin zuwa duk wata." Ashe abin da ya kamata in faɗa ke nan tun farko. Ya tsawaita mini tsakanin zuwa da zuwa, ya rubuta takarda zuwa ga wani likita a nan Funtuwa da zai riƙa duba ni, ya rubuta ainihin sunan maganin ba sunan kamfani ba, don in sayi mai sauƙin kuɗi a wurin da aka yarda da shi. Ya kuma nuna mini ofishin jin daɗin marasa lafiya, wanda manyan asibitocin gwamnati ke da shi don wanda ya gaza. Likita ba ya ganin aljihu, sai an gaya masa. Ke ma in mun je, kada ki ji nauyin cewa ba mu da shi.

Akwai kuma wata ƙofa da sai daga baya na san da ita. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, daga ciki ake yi wa marasa ƙarfi, masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar rajista kyauta a asibitin mazaɓa. Ana neman lambar katin ɗan ƙasa. Mijinki ya je asibitin mazaɓarku ya tambaya, in an ce gurbi ya cika ya sake komawa. Ko bai ɗauki maganin damuwa ba, in ya ɗauke muku zazzaɓin yaro da gwajin jini, abin da ya ragu sai ya tafi a kan naki.

Ba zan ɓoye miki ba, masu wannan aikin sun yi kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, wasunsu ma suna ta ficewa waje. Daga wajenmu sai Shika, ko Barnawa a Kaduna, ko Dawanau a Kano, ko asibitin koyarwa na Katsina, ko Kware can Sakkwato. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ba ta san komai ba sai tsare mutum. Na yi murna da ita, amma ni a ganina ranar da za ta zama doka a wurinmu ita ce ranar da mai jego a Sabuwa za ta kai yaro rigakafi, nas ta dube ta ita ma ta ce, "Ke fa, yaya zuciyarki?" Abin ba gagara ba ne. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin koya wa ƙananan ma'aikatan asibiti gane ciwon nan da fara maganinsa. Dattijon da ya gano ni ba likita ba ne. Tambaya ya iya.

Shi ne kuma rabin maganina. Likita ya ce ƙwaya na ɗaga mutum, amma magana da motsi ke tsayar da shi, wanda nasa bai yi tsanani ba ma magana kaɗai kan ishe shi. Ya ba ni labarin wani likita a Zimbabuwe, Dixon Chibanda, da ya ga ba su da ma'aikata, a 2006 ya fara koya wa tsofaffin mata a Harare yadda za su zauna a benci a harabar asibiti su saurari mai damuwa, su taya shi warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya. Da aka gwada aka tarar yana aiki. Sunan ciwon a harshensu ma'anarsa yawan tunani, daidai yadda muke faɗa. Ni bencina dakalin masallaci ne. Kullum bayan la'asar dattijon nan zai ce, "Yau me ka yi?" Ya hana ni cewa babu. Ko tsinke na ɗauke sai na faɗa. Daga zagaya unguwa, na koma shuka alayyafo a buhunan siminti, daga nan na karɓi koyar da yara lissafi a makarantar da nake yanzu. Ba sai na ji daɗi nake yi ba, yi nake, daɗin ya biyo baya da kwanaki. Ke ma za mu nema miki taki tsohuwar. Ina ganin gwaggonki ta fi kowa, tana da kunne kuma bakinta na da marfi.

Na san abin da wasu za su ce miki, don an ce mini: rashin tawakkali ne, mai imani ba ya damuwa, ki yi haƙuri kowa da tasa. Wannan maganar ta fi ciwon ciwo, don ta sa na fara zargin imanina. Limaminmu ne ya cire mini ita. Ya ce Annabi Yaƙubu, alaihis salam, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari, wa zai ce ba shi da tawakkali? Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi Shekarar Baƙin Ciki suke kiran ta. Ya ce fiye da shekara dubu da ta wuce wani malamin Musulunci, Abu Zaid al-Balkhi, ya rubuta littafi kan lafiyar jiki da ta rai, ya raba baƙin cikin da ke da sanadi a fili da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da alaƙa da jiki kuma yana son magani. Liman ya yi mini ruƙya bai karɓi ko sisi ba, ya gama ya ce, "Gobe ka koma asibiti." Kada ki bar addu'a, kada ki bar azkar ko da baki kaɗai ke yi zuciya ba ta bi ba, lada na nan. Amma duk wanda ya ce ki ajiye maganin likita, ko ya nemi rago, ko ya ce a kawo ki a ajiye a wurinsa, ba da yawuna ba. Kin ji abin da aka tarar a 2019 da aka buɗe gidajen mari a Kaduna da Daura da Katsina, mutane da sarƙa a ƙafa. Muddin ina numfashi ba mai kai ki irin wannan wuri.

Naki ya bambanta da nawa ta wajen jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Ki ƙirga matan da suka zo sunan yaronki, ki ga nawa ke nan suka haɗiye nasu. Ba ƙin ɗanki kike ba. Macen da ba ta son ɗanta ba ta zama tsakar dare tana kukan ba ta isa uwa ba. In mun je ki gaya wa likita kina shayarwa, akwai magungunan da ke tafiya da nono, shi ya san su. Kada ki yaye yaro, kada kuma ki sha irin nawa don kin ji ya yi mini aiki. Za su duba ko jininki ya yi ƙasa, don shi ma yana kawo kasala. In kina haki, ko ƙafa na kumbura, ko ba kya iya kwanciya sai da matashi biyu, ki faɗa da wuri. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura da ciwon zuciya a tsakanin masu jegon ƙasarmu, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wanka da gadon wuta. Na ga irin kanwar da aka dama miki a gidan nan, ban ce komai ba don ba hurumin maza ba ne. Yanzu na faɗa.

Saura tambayar da dattijon nan ya yi mini, ni ma zan yi miki ita, ba don in tsorata ki ba. Mamana, kin taɓa jin gara mutuwa? Kin taɓa tunanin yi wa kanki wani abu? In e ne, ba zan yi fushi ba, ba zan ce kin yi saɓo ba, ni ma na je bakin wannan ramin na dawo. Abin da nake roƙo, duk sa'ar da tunanin ya zo ki faɗa wa na kusa da ke a take, ko ƙarfe nawa ne, ki sa a kira ni. Kada ki zauna ke kaɗai. Na riga na roƙi mijinki ya kwashe magungunan feshi na gona daga gidan ya kai wurin yayansa. In kuma kika fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko kika yi kwanaki ido biyu, ko tsoro ya kama ki cewa za ki cutar da yaron, wannan ba na jiran Laraba ba ne, a ranar za a kai ki babban asibiti.

Na ce Laraba don mun yi magana da mijinki jiya. Yaron kirki ne, shi ma a tsorace yake, ya ɗauka wani laifi ya yi miki. Na gaya masa nawa labarin. Ya amince ki zo gida ki yi 'yan makonni, zai sanar da mahaifiyarsa da kansa, zai kuma raka mu Zariya don ya ji bayanin likita da kunnensa. Kuɗin zuwan farko yana hannu: na sayar da buhun waken suya biyu, Innarki kuma ita ke kwasar adashi wannan watan. Zuciyarki za ta ce miki kin zama kaya. Lokacin da nake kwance ke kika riƙa wanke mini riguna kina kai ƙannenki makaranta, kina ce wa baƙi Baba na barci. Ban manta ba.

Ranar Larabar za mu taso da hantsi ni da Innarki, mu biyo ta Ɗandume, mu juyo kafin la'asar saboda hanya. Ki haɗa katin awonki da na rigakafin yaro, da takardar katin ɗan ƙasa, da duk kwalin maganin da aka saya miki ko da ya ƙare, likita zai so ya gani. In haɗa kayan ya yi miki nauyi ki bar shi, Innarki za ta haɗa. Ba sai kin yi mana girki ba, ba sai kin yi kwalliya ba, ba sai kin amsa wannan takarda ba. In na shigo kika kasa magana, ki miƙo mini yaron kawai in riƙe.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya mana shi, Ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki.